Hatimin Da Na Kawo Daga Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai ƙosan unguwarmu ta riƙe mini canji sai na gaya mata ko da gaske ne burodin can ya kai tsawon hannu. Wasu kuma na san ba tafiyar ce ta dame su ba, so suke su ji yadda muka ƙare da Hedimasta. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Sunana Asabe, malamar aji biyu ce ni a wata firamare da ke cikin birnin Zariya, kusa da Limancin Kona. Shekarata goma sha huɗu a wannan makaranta, kuma yaran ajina sun haura tamanin. A wurinmu da kunne ake auna malami. Hedimastanmu, Malam Lawal, yana zaune a ofis tagarsa a buɗe, ajin da ya ji yana tashi da "ba, be, bi, bo, bu" kamar rufin kwano zai yaye, nan ne ake aiki. Iyaye ma haka, in sun wuce ta bayan katanga suka ji amo sai su tafi da farin ciki. Ba yabon kai ba, babu ajin da ya kai nawa ƙara.

Wata rana hankalina ya tafi wani wuri, na ɗora sanda a kan layi na uku maimakon na farko. Yara suka rera na farkon, daidai, ba tuntuɓe. Na goge allon tas na nuna wurin da babu komai, suka sake rerawa. Sai na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka iya karanta kalma ɗaya da kansu ba su cika benci biyu ba. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba, kunya da baƙin ciki suka cika mini ciki.

Ɗiyar yayata da ke karatu a jami'a ta kawo mini wata 'yar takarda mai shafi biyu, inda masu bincike suka ce a riƙa jin kowane yaro shi kaɗai, a raba yara gwargwadon abin da suka iya. Na fara gwadawa, sai ajina ya yi shiru. Kafin sati uku Hedimasta ya aiko mini da takardar tuhuma, wai na daina koyarwa. Na je na yi masa bayani, na nuna masa takardar. Ya juya ta gaba da baya, ya ce ina hatimi? Ya ce sufeto zai zo bayan hutu, in ban kawo takarda mai hatimi da ta yarda da wannan salo ba, zai karɓe ajin ya ba wani, ni kuma in koma kula da ɗakin ajiya, in riƙa ƙirga tsintsiya.

Ana cikin haka gayyata ta iso ofishin ilimi, wai za a yi taron malamai da masu bincike a Damagaram kan koyar da karatu. Irin wannan taro ba ya isowa kan malamin aji, manya ne ke rabawa tun daga sama. Amma wannan a mota za a je, babu jirgi, babu otal mai hawa, guzurin ma bai taka kara ya karya ba. Nan take manya suka tuna suna da uzuri. Haka sunana ya shiga. Na ce wa maigidana in dai hatimi ne, daga bakin masu binciken zan karɓo shi.

Jagoranmu wani jami'i ne daga ofis, Malam Iro, wanda ya sa kwat a cikin wannan zafi, ya rungume jaka kamar jariri. Muka tashi daga tashar Kwangila da sanyin safiya. Tun kafin mu kai Kano ya gaya mini sau uku cewa abin da ake zuwa nema a taro shi ne satifiket, sauran duk surutu ne. Ya ce yana da su fal a gida, matarsa ta sa musu gilashi. Na tambaye shi wanne ne ya taɓa amfani da abin da aka koya masa a ciki. Ya ce ni matsalata ke nan, ba na barin magana ta wuce.

A Kano muka canza mota. Aka haɗa ni kujera da wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta ɗora mini ƙullin kayanta a cinya ba tare da ta tambaya ba, sannan ta biya ni da labarin ciwon gwiwarta har Daura. Bayan Daura taya ta fashe. Direba ya fito da safaya, ita ma ashe babu iska. Muka zauna gindin wata bishiya muka cinye dambun naman da na yi niyyar kaiwa tsaraba, Malam Iro ya ci fiye da kowa yana cewa gishiri ya yi yawa.

Saboda wannan jinkiri muka isa kan iyaka da tsakar rana, lokacin da mutanen can ke hutawa. Wannan ne abu na farko da ya ba ni mamaki. Su in rana ta take, aiki ya tsaya, kuma ba wanda ke jin kunyar haka. Mu a gida ma mukan gudu daga ofis da rana, amma muna barin hula a kan tebur don a ce muna kusa. Da jami'in kan iyakar ya dawo daga hutunsa, Malam Iro ya gyara kwat ya shiga zuba masa Turanci. Shi kuma ya mayar masa da Faransanci. Suka yi ta yi, kowa na ɗaga murya, ba mai fahimtar wani. Wata tsohuwa mai fura da ke zaune a bakin ƙofa ta gaji, ta ce, "'Ya'yan nan, ku yi Hausa mana mu tafi gida." Ashe jami'in ɗan Matamaye ne. Cikin minti biyar aka buga mana takardu.

An sauke mu a ɗakunan kwanan wata makarantar horon malamai. Ni aka haɗa ni da Madam Zuwera, malamar ƙauye ce daga wajen Mirya, doguwa, mai dariya da dukan jikinta. Ita ta koya mini cewa makaranta lakwal ce, malami mushe, littafin rubutu kaye. Ni kuma na koya mata lesin not, wato tsarin darasi a rubuce, ta ce Allah ya raba ta da shi, sai da na kwatanta mata ta ce ai su ma suna da irinsa, kuma su ma don sufeto ake rubutawa. Wayata ta mutu murus, babu layi, kwana huɗu ban ji muryar kowa na gida ba.

Burodin gaskiya ne, mai ƙosai. Dogo ne, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi, ana ba ka shi tsirara ba leda, ka saƙale a hammata. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofi, ɗaci da zaƙi a haɗe. Da rana sai a fara kawo ɗanyen ganye da tumatir a faranti, ni ina zaune ina jiran a zo a kwashe a kai kicin a dafa, sai na ga kowa ya sa cokali. Amma kwaɗon zogalensu da kilishinsu, wannan kam na sallama.

Zauren taron akwai sanyin na'ura. Jami'ai a layin gaba da ruwan gora, malaman aji a baya. Babban mai jawabi wani Dokta ne, mutum mai natsuwa, ya yi shekaru yana bincike kan yadda yara ke koyon karatu. Yana magana da Faransanci, wani na juyawa zuwa Turanci, ana haska zane-zane masu hawa da sauka a bango. Na duba zauren, kusan kowa da Hausa ya yi sallama da safe, amma ba a ce uffan da ita ba a kan yadda za a koya wa 'ya'yan Hausawa karatu. Na tuna tsohuwa mai fura.

Abin da ya faɗa, iyakar wanda na kama, ya yi daidai da 'yar takardata. Zuciyata ta yi sanyi, ashe ban haukace ba. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, Malam Iro na yi mini ido in zauna. Da Hausa na yi, na ce wanda bai ji ba a juya masa. Na tambayi Dokta yadda mace ɗaya za ta saurari yara tamanin ɗaya bayan ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma cikakken bayanin yana cikin wata mujalla a intanet. Wani malami a bayana ya ce ya taɓa nema, sai an biya da kuɗin waje kafin a buɗe. Na ce to, an yi bincike a kan ajinmu, an rubuta da harshen da ba ma ji, an kulle a inda ba ma iya shiga, sannan a taru a ce malamai ba sa son canji. Sai malaman baya suka fara tafi.

Ban ɗauka zai neme ni ba, amma da aka fita shan shayi Dokta ya zo ya zauna kusa da ni, kuma ashe yana jin Hausa sarai. Ya ce gaskiya bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin shi kaɗai ba. Wannan magana ta sa na ga girmansa. Sai na kawo buƙatata, na ce ya rubuta mini takarda ya buga hatimi in kai wa Hedimasta.

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, bincike ai ba ya buƙatar hatimi. Hujjarsa tana cikinsa."

Na ce, "A wurinku ke nan, Dokta. A wurinmu ko haihuwar mutum sai da hatimi ake yarda an haife shi."

Ya ce ba shi da ikon ba makarantar wata ƙasa umarni, kuma ba shi da hatimin da zai buga. Abin da ya iya shi ne ya ba ni rahotonsu, littafi mai kauri da farin bango, duk da Faransanci. Na karɓa na yi godiya, na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Na yi tafiyar yini guda, na bar 'ya'yana, ga abin da na samo, littafin da ba zan iya karantawa ba, kuma babu hatimi.

Zuwera ce ta tashe ni daga wannan zaman. Ta ce ita ma sufetonta Faransanci yake so ya ji tun daga ajin farko, alhali wannan rahoton da kansa ya ce a fara da harshen gida. Na ce to ya take yi? Ta ce tana rufe ƙofa. Cikin hutun rana biyu, lokacin da kowa ke barci, ta zauna ta juya mini shafukan da suka shafi aji zuwa Hausa, da hannunta, a cikin kaye. Duk kaurin littafin nan, abin da malami zai ɗauka ya shiga aji da shi shafi biyar ne.

Ranar ƙarshe, ranar raba satifiket da ɗaukar hoto, ta ce in zo mu je lakwal ɗin wata ƙawarta, don su ba su yi hutu ba. Muka sulale. Ajin ya cika kamar nawa, wasu a tabarma. Amma kowane yaro na riƙe da ɗan ƙaramin allo baƙi da guntun alli. Malamar ta faɗi kalma, ta buga tebur da sanda, kowa ya duƙa yana rubutu. Ta sake bugawa, alluna suka tashi sama gaba ɗaya. Da kallo ɗaya ta ga wanda ya iya da wanda bai iya ba, babu inda yaro zai ɓuya a bayan muryar ɗan'uwansa. Na tsaya a bakin ƙofa hawaye na zubo mini. Amsar tambayar da na yi a zaure ke nan, kuma su a wurinsu tsohon abu ne, tun kakanninsu haka ake yi. Mu da muka girma da allo a hannu tun muna 'yan shekara huɗu, ba wanda ya taɓa tunanin shigo da shi ajin boko.

Daga nan kasuwa muka wuce, na juye guzurina kaf na sayi alluna kwali guda. Da muka koma an gama hoto. Malam Iro ya yi fushi, ya ce na zubar da mutuncin tawaga, kuma satifiket ɗina ba zai karɓar mini ba. Na ce ya haɗa da nasa ya sa gilashi.

Muka yi sallama da Zuwera a tasha, ta cusa mini kilishi a jaka tana cewa in rufe ƙofa kawai. A hanyar dawowa, a kan iyaka, jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ga kwali ya ce a buɗe. Ya tambaya ko na sayarwa ne, na ce na 'yan ajina ne. Ya ɗaga allo ɗaya ya shafa, ya ce da irinsa ya koyi rubutu. Ya ce in kawo takardar kayan ya buga mini shaidar an duba, don kada a tsayar da ni a gaba. Ba ni da wata takarda. Abin da ke hannuna rahoton Dokta ne kawai. Ya karɓa, ya hura hatiminsa, ya danna a tsakiyar farin bangon, ya sa hannu da wani dogon zane. Hatimi ne babba, zagayayye, mai ruwan shuɗi, da rubutun Faransanci kewaye. Ban kawo komai a raina ba, na mayar jaka.

Ranar da aka koma makaranta na shiga ofishin Hedimasta da rahoton da kayen Zuwera. Na shirya doguwar magana. Bai bar ni na fara ba. Idonsa ya sauka a kan bangon, ya gyara tabarau, ya shafa hatimin da yatsa, ya ce madalla, wannan ai ya wadatar. Ko buɗe littafin bai yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in bar shi a haka. Ajina ne a kan tebur, kuma shiru kawai ake so in yi. Amma na kasa.

Na ce, "Malam, wannan hatimin na kwastan ne. Alluna ya duba, ba karatu ba."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya ce, "Na sani, Malama Asabe. Mahaifina fatauci ya yi ta wannan hanya, da irin wannan hatimin na girma. Sufeto ne bai sani ba. Ke kina ganin ni ba a tambayata? In ya ce wa ya ba ku izini, me zan ɗaga masa?"

Sai na ji tausayinsa, na kuma ji haushi ya ninku. Ashe duk tsawon layin nan, daga ni har sama, ba wanda ke tambayar ko yaro ya iya karatu, kowa abin da zai kare kansa yake nema. Na ɗauki rahoton, na kama bangon na yage shi daga jikinsa, na ajiye masa a kan tebur. Na ce ga hatimin ya sa a fayil, ni abin da ke ciki nake so. Na kuma gaya masa in sufeto ya tambaye ni, zan faɗa masa hatimin na wane ne.

Ya ce, "Sai a cire ki."

Na ce, "A cire ni. Amma sai ya shiga ajin tukuna."

Bangon yana cikin fayil yanzu, an huda shi an ɗaure da zare. Sauran littafin yana cikin kabad ɗina, kayen Zuwera kuma kullum yana kan teburina har ya fara yin baƙi. Allunan ba su isa ba, sai da wani kafinta a Tukur-Tukur ya yanka mini ƙari da falanki, muka shafa baƙin fenti. Iyaye biyu sun zo ƙorafi cewa ba sa jin muryar 'ya'yansu daga waje. Na ce su shigo ciki, ɗaya ya shigo, ɗaya ya ce yana sauri.

Shekaranjiya ina tsakiyar darasi na ga inuwa a taga. Malam Lawal ne. Tunda kunne ya daina kawo masa labarin ajina, dole ƙafa ta kawo shi, kuma a shekara goma sha huɗu ranar ce ta farko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in bari ya ba su kalma ɗaya. Ya ce su rubuta "tukunya", wadda ba ta cikin littafinsu. Na buga tebur, ajin ya yi tsit sai ƙarar alli. Na sake bugawa, alluna suka tashi. Da yawa sun rubuta daidai, wasu sun bar harafi, wasu sun juya shi. Can baya Hassana, wadda babanta ke kawo itace daga ƙauye, ta ɗaga nata babu komai sai zane ɗaya a karkace, amma ba ta sauke ba. Bara ita ce ta fi kowa murya.

Hedimasta ya nuna ta da haɓa, ya ce a hankali, "Waccan ta bayan ba ta iya ba."

Na ce, "Bara ma ba ta iya ba, Malam. Bana ne muka sani."

Na jawo benci na zauna kusa da Hassana, na kama hannunta muka fara daga harafin farko. Da na ɗaga kai yana nan tsaye a taga. Sufeto kuma an ce ranar Talata zai zo, na riga na ware masa alli.